Faifan Thriller Na Maikel Jakson: Yawan Ciniki Ba Ya Rufe Aibi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan sharhin da kuka buga a shafinku na nishaɗi game da faifan Thriller na marigayi Maikel Jakson. Marubucin ya yi ƙoƙari wajen tattaro tarihi, amma hujjarsa guda ce tun daga farko har ƙarshe, wato tunda babu faifan da ya kai wannan ciniki a duniya, to babu wanda ya kai shi kyau, kuma babu abin kushewa a cikinsa. A nan muka raba hanya da shi. Ina cikin waɗanda suka saurari wannan faifai tun yana sabo a nan Katsina, lokacin muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma har yau ina ganin girmansa. Sai dai girman nan yana tattare ne a waƙoƙi huɗu daga cikin tara. Sauran 'yan rakiya ne, ɗaya daga ciki ma bai kamata a ce ta shiga ba.

Alƙaluman da ake yawan kawowa ba na musun su. An fitar da faifan ranar 30 ga Nuwamba, 1982, a ƙarƙashin kamfanin Epic, bayan an shafe watanni ana aikinsa a situdiyon Westlake da ke Los Angeles, Jakson yana da shekara 24, Quincy Jones kuma shi ne furodusa. Ya yi mako 37 a saman jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, waƙoƙi bakwai daga cikin taransa sun shiga sahun goma na farko, kuma a bikin Grammy na 1984 Jakson ya kwashi lambobin yabo takwas a dare ɗaya, bakwai saboda wannan aiki, ɗaya saboda wani faifan labari na yara. Ana ƙiyasta cewa an sayar da kwafi kimanin miliyan 70. Ni ma sai in ƙara da cewa wannan adadi bai kai ainihin yawan waɗanda suka mallake shi ba, domin kaset ɗin da ya zagaya Katsina da Funtua da Daura a wancan lokaci galibinsa ba na kamfani ba ne. Masu shagon ɗaukar kaset ne suke kwafa wa mutum a kan kaset mai minti 90, inda faifan gaba ɗaya, da yake bai wuce minti 42 da 'yan daƙiƙoƙi ba, yake shiga fuska ɗaya, a cike ɗaya fuskar da Bob Marley ko waƙoƙin Indiya. Babu akawun da ya ƙirga mu a Amurka. Amma yawan masu saye karɓuwa kawai yake nunawa, ba ya nuna cewa kowace waƙa da ke ciki ta cancanci karɓuwar, tunda wanda ya je neman waƙa biyu dole ya biya kuɗin tara. Duk wanda ya yi zamanin kaset, zamanin da ake sa biro a juya zare don kada batir ya ƙare a banza, ya san waɗanne waƙoƙi ake komawa kansu da waɗanda ake tsallakewa.

Wadda aka fi komawa kanta ita ce Billie Jean, kuma ita ce ginshiƙin faifan. Waƙar tana farawa da ganga tsura, bugu mai daidaito wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa, sannan jitar bas ta Louis Johnson ta shigo tana maimaita kari ɗaya, a yi kusan rabin minti a haka kafin a ji muryar mawaƙi. An ruwaito cewa Quincy Jones ya so a rage tsawon wannan shimfiɗa, Jakson ya ƙi, ya ce ita ce take sa shi jin rawa. Gaskiya tana wurin Jakson. Kunnen da ya tashi da kiɗan kalangu ya san cewa gwanintar makaɗi ba a yawan dukan fata take ba, tana cikin sanin inda zai buga da inda zai ƙyale, kuma wannan waƙa an gina ta ne a kan ƙyalewa: kayan kiɗa kaɗan ne, kowanne yana da gurbinsa, babu wanda ya hau kan wani. Mai haɗa sautin, Bruce Swedien, ya sha faɗa cewa sai da ya haɗa ta sau 91, daga bisani aka koma aka ɗauki haɗi na biyu. Wannan ya nuna irin wahalar da aka sha, ya kuma nuna cewa sun san lokacin da ƙarin ado ya fara ɓata aiki.

Abin da ya fi kiɗan nauyi shi ne maganar da ke ciki. Mace ce ta ɗora wa mutum ciki, yana ta rantsuwa cewa ɗan ba nasa ba ne, amma a tsakiyar labarin aka nuna masa hoton jaririn, ya ga idanun sun yi kama da nasa. Mawaƙin bai wanke kansa sarai ba, bai kuma amsa laifi ba. Ya bar mai sauraro a tsakani, muryarsa tana rawa, tana sarƙewa, yana jan numfashi a inda ba a zata ba, irin na mutumin da aka tsare da tambaya a gaban manya. Samun irin wannan tsoro da kokwanto a cikin waƙar rawa abu ne mai wuya, kuma shi ya sa ba ta tsufa ba. Yawancin samarin da suka taka rawa da ita a nan garin ba su san abin da take cewa ba, kiɗan ne ya ɗebe su. Da iyaye sun san zancen musun ciki ake yi, da rediyon da yawa sun sha kashewa.

Beat It tana biye mata. Saƙonta nasiha ce ga saurayi: idan 'yan daba suka tare ka, ka kama gabanka, domin tsayawa nuna mazantaka ba ya haifar da komai sai jini. Mu da muka ga abin da ƙauraye suka yi wa wasu unguwannin Katsina ba ma buƙatar a fassara mana muhimmancin wannan magana. Hikimar ita ce an ɗora nasihar gudu a kan kiɗa mafi kaushi a faifan duka, ta yadda saurayin da ke sauraro ba zai ji an mayar da shi matsoraci ba. An gayyato Eddie Van Halen, gwanin jita na kiɗan rok, ya yi kiɗan tsakiya, kuma an tabbatar bai karɓi ko kwabo ba. Makaɗan ƙungiyar kiɗan rok ta Toto suka riƙe ganga da wasu daga cikin sauran jita. Akwai lissafi a bayan wannan. A Amurka ta wancan lokaci gidajen rediyo sun kasu, na rok ba su cika sa waƙoƙin baƙar fata ba, tashar talabijin ta MTV da aka buɗe a 1981 ita ma haka take. Wannan waƙa da Billie Jean suna cikin abin da ya rusa katangar. A nan lissafin kasuwa da fasaha sun tafi tare, babu wanda ya cuci wani.

Waƙar da ta buɗe faifan, Wanna Be Startin' Somethin', minti shida ce ta ganguna masu hawa kan juna, tana magana a kan tsegumi da masu haɗa husuma, kuma a ganina babu inda muryar Jakson ta fi sakewa kamar a cikinta, ko da yake akwai wata magana mai nauyi game da ita da zan zo kanta. Ta huɗun ita ce Human Nature, wadda Steve Porcaro da John Bettis suka rubuta, waƙa mai sanyi da ba ta da hayaniya ko kaɗan. Ya isa shaida a gare ta cewa Miles Davis, shahararren mai busa ƙaho ɗan Amurka wanda ba ya yabon abu da arha, ya ɗauke ta ya busa da ƙahonsa a faifansa na 1985.

Akwai wani ƙarfi kuma da ba na waƙa ɗaya ba, shi ne gajarta. Faifan garmaho yana da iyakar abin da kowace fuska za ta ɗauka, idan aka cusa masa fiye da kima sautin yakan raunana, saboda haka dole aka tace, aka tsaya a waƙa huɗu a fuskar farko da biyar a ta biyu. Ina ma matasan mawaƙanmu na Hausa, waɗanda yanzu kwamfuta ta cire musu wannan takunkumi har suke fitar da albam mai waƙa goma sha wani abu a kan kiɗan fiyano iri ɗaya, za su riƙa ɗora wa kansu irin wannan iyaka da gangan. To amma wannan gajartar ita ce kuma ta sa raunin faifan ya fito fili, domin a cikin tara babu inda waƙa mai rauni za ta ɓuya.

Mafi rauni ita ce The Girl Is Mine, wadda Jakson ya yi tare da Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles. Maza biyu ne suke jayayya a kan budurwa ɗaya, kowa yana cewa tasa ce. A wurinmu, idan aka ce kishi ya haɗa mawaƙa biyu, ana sa ran jin habaici da zambo da gugar zana, maganar da za ta sa mai sauraro ya ce kai. A nan babu ko ɗaya. Kiɗan lami ne, kalmomin na yara ne, sannan aka rufe da wata hira ta baki da baki tsakanin mutum mai shekara 40 da saurayi mai shekara 24, hirar da ba dariya take bayarwa ba, kunya take sa mai sauraro ya ji a madadinsu. Budurwar da ake rigima a kanta kuwa ba a ji ta bakinta ba ko sau ɗaya. Duk da haka ita aka fara fitarwa kasuwa a watan Oktoba na 1982, tun kafin faifan ya fito, ta kuma kai matsayi na biyu a Amurka. Dalilin a bayyane yake: sunan McCartney zai buɗe ƙofar gidajen rediyon da fararen fata masu manyan shekaru suke saurare. A Beat It lissafi ya yi wa fasaha hidima, a nan kuwa fasaha ce ta durƙusa wa lissafi. Waƙar ta zama kamar girkin biki da aka rage wa yaji domin kowa ya iya ci, kowa ya ci ɗin, amma babu wanda ya koma gida yana zancensa.

Wannan son a gamsar da kowa yana da asali. Faifan da ya gabaci wannan, Off the Wall na 1979, ya yi kasuwa sosai, amma lambar Grammy ɗaya tak Jakson ya samu da shi, a ɓangaren da aka saba keɓe wa baƙar fata, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya shiga aikin Thriller da ƙudurin cewa ba za a sake samun hujjar ware shi ba, saboda haka aka yi wa kowane rukuni na masu saye tasa waƙar: ta masu rok, ta masu rawa, ta manya, ta masoya, ta yara. An cimma burin, amma an biya farashi. Wanda ya saurari Off the Wall daga farko zuwa ƙarshe zai ji aiki ne guda, mai ruhi guda, ko da yake babu waƙa a cikinsa da ta kai Billie Jean zurfi. Thriller kuwa tarin waƙoƙi ne da kowace take fuskantar tata alƙiblar. Idan ana maganar waƙa ɗaya-ɗaya, Thriller ya fi tsayi. Idan ana maganar faifai a matsayin aiki cikakke, ni na fi ba Off the Wall.

Na san inda masu karatu za su fi yi mini ca shi ne a kan waƙar da faifan ya ci sunanta. Rod Temperton, Baturen Ingila, shi ya rubuta ta, da farko ma da wani suna daban, Starlight, kafin a sauya mata kalmomi zuwa na fatalwa da dodanni, a kuma ɗauko Vincent Price, tsohon ɗan wasan finafinan ban tsoro, ya yi jawabin ƙarshe da dariyarsa. Kiɗanta yana da kyau, ban musa ba. Amma yadda aka iya cire mata kalmomi aka sa wasu ba tare da ta girgiza ba ya nuna cewa kalmomin ba su da saiwa a cikinta. Tsoron da ke cikin Billie Jean na gaske ne, na mutumin da mutuncinsa yake hannun wani; tsoron da ke cikin Thriller na wasa ne, na ƙarar ƙofa da kukan kyarkeci da aka ɗauko daga ma'ajiyar sauti. Abin da ya ɗaga ta shi ne bidiyon da John Landis ya shirya, mai tsawon kusan minti 14, wanda ya fito a Disamba 1983, shekara guda cur bayan faifan, ya kuma sake tayar da cinikinsa. Haka ma tafiyar nan ta zamewa da baya da Jakson ya yi a shirin talabijin na cikar kamfanin Motown shekara 25, wanda aka nuna a watan Mayu na 1983. Yawancin abin da mutane suke tunawa idan aka ambaci Thriller, jar riga da farar safa da safar hannu guda da rawar gawawwaki, ido ne ya gani, ba kunne ne ya ji ba. Mu da muka fara saninsa ta kaset, tun na'urar bidiyo tana gidaje ƙalilan, mun samu damar auna waƙar ita kaɗai, kuma ba ta kai sahun huɗun farko ba. Ban da haka, wasa da kabari da tashin matattu ba abin nishaɗi ba ne a tarbiyyarmu. Shi kansa Jakson, wanda a lokacin yake bin ɗariƙar Shaidun Jehobah, sai da ya sa aka rubuta a farkon bidiyon cewa abin da za a gani ba ya nufin ya yarda da tsafi.

Sauran ukun ba sa buƙatar dogon bayani. P.Y.T., ta James Ingram da Quincy Jones, tana da daɗin rawa, ana gama ta ana manta ta. Baby Be Mine da The Lady in My Life, duka na Temperton, su ne biyun da kamfanin bai fitar da su daban ba, kuma kamfanin ya san abin da yake yi. An rera su da kyau, an kaɗa su da tsabta, amma irinsu suna da yawa a faya-fayan wancan zamani. Abin da ya fi damuna idan aka haɗa su da sauran shi ne yadda mace ta fito a faifan baki ɗaya: ko dai tarko ce da ake gudu, ko kuwa abin ado ce da ake kira da sunaye masu zaƙi. Babu inda ta fito a matsayin mutum mai nata tunanin.

Marubucinku ya yi ta maimaita cewa wannan aikin mutum ɗaya ne. Sunan mutum ɗaya ne a bango, wannan gaskiya ne, amma waƙa huɗu kawai Jakson ya rubuta, Temperton ya rubuta uku, sauran biyun na wasu ne, ga kuma furodusa da mai haɗa sauti da ɗimbin makaɗa da suka fi kowa ƙwarewa a Los Angeles. Ba aibi ba ne a yi aikin gayya, haka sana'ar take a can. Sai dai mu mutanen ƙasar Katsina, da muka haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, muka kuma binne shi a Daura a 1999, muna da wani ma'auni na daban, domin a wurinmu mawaƙi shi ne mai maganarsa, makaɗa da 'yan amshi suna riƙe masa ne kawai yayin da yake ƙera baiti a tsaye a gaban jama'a. Idan aka ɗora Jakson a wannan ma'auni, sakamakon yana da ban sha'awa: uku daga cikin waƙoƙi huɗu mafi ƙarfi nasa ne, wato Billie Jean da Beat It da Wanna Be Startin' Somethin', kuma mafi raunin duka, The Girl Is Mine, ita ma tasa ce. Inda ya rubuta abin da yake tsoro ya yi zarra, inda ya rubuta abin da yake zaton ana so ya faɗi.

Sai maganar da na ce zan zo kanta, wadda sharhinku bai taɓa ba ko da kalma ɗaya, alhali mu 'yan Afirka ta fi shafa. Amshin da ya rufe Wanna Be Startin' Somethin', wanda taron muryoyi suke maimaitawa da tafi, wanda kuma shi ne wurin da waƙar ta fi tashi, ba a Los Angeles aka ƙirƙire shi ba. Ya samo asali ne daga Soul Makossa, waƙar da Manu Dibango, mai busa saksofon ɗan ƙasar Kamaru, ya fitar a 1972, a bayan wani faifai da aka yi domin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar. Waƙar Dibango ta yi suna a Amurka shekaru kafin Thriller, saboda haka babu mai cewa ba a san mai ita ba. Duk da haka ba a nemi izininsa ba, ba a kuma sa sunansa cikin marubutan waƙar ba. Sai da ya kai ƙara kafin aka sasanta da shi a wajen kotu. Da mawaƙiya Rihanna ta sake amfani da wannan amshi a wata waƙarta ta 2007, wajen Jakson aka je neman izini, abin da ya sa Dibango ya sake shigar da ƙara a Faransa a 2009, shekarar da Jakson ya rasu. Faifan da aka kashe dala 750,000 wajen yin sa, wanda aka rubuta sunan kowane mai jita da mai ganga a bangonsa, bai samu layi ɗaya da zai ambaci maƙwabcinmu na Kamaru ba, kuma har Dibango ya rasu a watan Maris na 2020 miliyoyin masu rera amshin nan suna ɗauka na Jakson ne.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.